Fino da Mansaniya: giyar Andalus da ake kiwonta kamar dabba

Satina na biyu a kicin ɗin wani gidan abinci a gefen Kadis a kudancin Sifaniya, mai gidan ya ɗaga murya daga bakin murhu yace in miƙo masa heres. Na leƙa kanta naga wata kwalba an rubuta Jerez ɓaro ɓaro a jikinta na ɗauko na miƙa masa, shi kuma ko dubawa baiyi ba ya tuttula a kaskon ƙoda. Wani tururi mai tsami ya tashi ya bugi hancinmu gaba ɗaya, ashe khal na bashi. Ranar nasha faɗa da yaren da rabinsa kawai nake ji, ƙodar kuma mu ma'aikata muka cinye da burodi, ni dai gaba ta kaini domin da ya zuba abinda ya nema da bazan iya ci ba.

To daga nan ne na gane kalma ɗaya ce ke ɗauke da abu uku a wajen mutanen nan, sunan gari ne, sunan giyar garin ne, kuma sunan khal ɗin da ake yi da giyar ne. In faɗa tun yanzu kafin wani ya fassara ni, ni bana sha kuma ba talla nazo yi ba. Amma wanda yake tsaye a kicin a wannan yankin dole yasan mece ce sheri, wato ita wannan giyar ta Heres, ko don yasan abinda zai kauce wa, kuma da na fara tambaya sai naga yadda ake yin nau'in da suke kira Fino da ƴar uwarsa Mansaniya ya fi kama da kiwo akan ajiya. Su kansu kalmar da suke amfani da ita kiriyansa ce, ma'anarta reno, irin wanda ake yiwa yaro ko ɗan maraƙi.

Wajen duka bai da wani girma. Manyan garuruwansa uku ne a lardin Kadis can ƙarshen kudancin Sifaniya, Jerez de la Frontera da suke furtawa Heres, sai Sanlukar de Barrameda a bakin da kogin Guadalquivir yake shiga teku, sai El Puerto de Santa Maria. Heres ta zauna a hannun Musulmi tun daga 711 har 1264 da sarki Alfonso na goma ya karɓe ta, kuma a lokacin sunanta Sherish, wanda shine Turawan Ingila suka lanƙwasa ya koma sheri. Wannan ba hirar shayi bace, a 1967 anyi shari'a a Landan akan waye yake da ikon kiran giyarsa da wannan sunan, mutanen Heres suka kawo taswirar al-Idrisi, wani Musulmi masanin taswira, ta ƙarni na 12 suka nuna garin da sunansa na Larabci a jiki. Abin dariyar ma har kalmar alkohol daga al-kuhl ta fito, kwallin nan dai da ake sawa a ido, tukunyar tace barasa kuma har yau alambike suke ce mata daga al-anbiƙ.

Ƙasar gonakin ita ce abu na farko da zai baka mamaki. Fara ce tas kamar an niƙa alli an baza, da rana sai ka runtse ido, sunanta albarisa. Ruwan sama a yankin wajen milimita 600 ne a shekara amma kusan duka da sanyi yake sauka, lokacin zafi da inabin yake nuna ko ɗigo babu. To ita wannan farar ƙasa tana shan ruwa kamar soso, in zafi yazo samanta ya bushe yayi ɓawo ya rufe danshin a ciki, jijiyar inabin tabi ƙasa tana tsotsa a hankali har girbi. Manoman ma basa barin ruwan ya gudu, bayan girbi suna haƙa ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu tsakanin layukan inabi akan gangare don ruwa ya kwanta ya nutse, in sanyi ya wuce su baje su daddale. Duk wanda yaga ramukan tassa a gonakin Tahoua zai gane dabarar nan take. Ga kuma iska biyu da kowa a garin yake maganarsu kamar maƙwabta, lebante mai zuwa daga gabas busasshiya mai zafi da take sa mutane faɗa ba dalili, da foniyente mai zuwa daga teku da sanyi da danshi.

Inabin da ake Fino dashi sunansa Palomino, fari ne, kuma shine fiye da kashi 90 na abinda ake nomawa a yankin. Gaskiyar magana inabi ne lami, ba tsami sosai ba ƙamshi sosai, inda zaka matse shi kayi giya ka tsaya a nan ba wanda zai tuna da ita. Kuma wannan lamin shine amfaninsa, kamar farar shadda ce da take jiran rini. Ana girbi a watan Agusta zuwa farkon Satumba, a matse, doka bata yarda a fitar da fiye da lita 70 daga kilo 100 na inabi ba, kuma ruwan farko da yake fita da matsa kaɗan shi ake warewa Fino saboda shine mafi laushi. A zuba a manyan tankuna yis ya cinye sukarin tas ya maida shi barasa, ƙarfinta ya tsaya wajen kashi 11 zuwa 12.

Sai sanyi ya shigo sannan ake rabon makoma. Akwai mutumin da suke kira kafatas, shine sarkin rumbun da ake ajiye gangunan giyar, zai bi yana shinshinawa yana ɗanɗanawa da alli a hannu. Wadda yaji ta fito siririya mai tsabta sai ya ja mata sanda ɗaya, wadda yaji tana da jiki da nauyi sai ya zana mata da'ira. Daga nan sai a ƙara musu tatacciyar barasar inabi, kuma a wannan ƙarin ne duk sirrin yake. Mai sanda a kaita kashi 15 ko 15 da rabi. Mai da'ira a kaita 17 ko sama. Tazarar kamar ba komai amma ita ce tsakanin rai da mutuwa ga wata halitta da zan yi maganarta yanzu, a 15 tana rayuwa kuma sauran ƙwayoyin da zasu lalata giyar basa iyawa, a 17 ita ma ta mutu.

Halittar sunanta fulor, wato fure, amma ba abinda ya haɗa ta da fure a ido. Ranar da aka kaimu wani rumbu a Heres akwai ganga ɗaya da suka sa mata gilashi a fuska da fitila a baya don baƙi su gani. Giyar na ƙasa ruwan ɗorawa mai haske, a samanta kuma wata yana ce kwance fara mai dauɗa dauɗa ta yamutse, sak yanar saman kunun da ya huce, kaurinta bai fi na yatsa ba. Wlh inda a gida naga wannan akan abinci zubarwa zanyi. To wannan yanar yis ce mai rai, dangin wanda ya tsima inabin tun farko, da sukari ya ƙare sai ya canza salon rayuwa ya taso sama inda iska take ya haɗa jiki ya rufe fuskar giyar. Don shi ne ma basa cika gangar. Gangar itacen ok ce na Amurka, tsohuwa, mai cin lita 600, amma 500 kawai suke zubawa su bar sarari a sama kamar dunƙulen hannu biyu, bakin kuma ba a toshe shi gam.

Aiki biyu fulor yake yi. Na farko shine murfi. Ka fasa goro ka ajiye shi a iska, kafin wani lokaci ya rine yayi ja, haka giya ma take yi in iska na taɓa ta, tayi duhu ɗanɗanonta ya canza. Fulor shi yake shanye iskar kafin ta kai ga giyar, shi yasa Fino zai shekara biyar a ganga buɗe ya fito fari kamar jiya aka matse. Na biyu shine ci, domin abu mai rai dole yaci. Yana cin ɗan sukarin da ya rage, yana cin ita barasar kanta, sannan yana cin gilisarin, eh irin wanda mata ke haɗawa a man shafawa lokacin hunturu, kowace giya tana da shi kuma shi yake sa ta santsi da ɗan zaƙi zaƙi a baki. In fulor ya gama da shi sai giyar ta zama abinda suke cewa seko, busasshiya, sukarinta bai kai giram 5 a lita ba kuma babu wani santsi da zai ɓoye hakan. A madadin abinda yaci sai ya bar wani sinadari, asitaldehayid, shine ƙamshin da masu sha suke kwatantawa da ɗanyen tuffa ko almon. Ni a hancina kullun waina ne da ya kwana, ba ƙari. Waɗanda suka mutu cikin yis ɗin kuma suna faɗawa ƙasan gangar su narke a hankali su bada wani ɗanɗano irin na romo.

Tunda abu ne mai rai to yana da zaɓen wuri. Yana son sanyi sanyi, wajen digiri 15 zuwa 20, da danshi da iska mai motsi, alhali garin da zafi yana haura 35. Shi yasa rumbunan suka zama wasu irin gine gine da suke kira katidiral, bango mai kauri an shafe da farar ƙasa, rufi can sama akan ginshiƙai yadda zafi zai tashi ya bar gangunan, tagogi a sama suna fuskantar iskar teku an rataya musu asabarin ciyawa don rana kar ta shigo. Daɓen ba siminti bane, wani yashi ne rawaya irin na filin wasan bijimai, ana yayyafa masa ruwa da zafi kamar yadda ake yayyafawa gindin randa. Kana shiga daga titi zakaji sanyi ya sauka a wuyanka. Gangunan duka baƙin fenti ne mara sheƙi, dalilin kuwa in wata tana yoyo wajen zai yi ƙyalli a gani da wuri. Duk da haka fulor yana da lokacinsa, yana kauri da bazararsu da kaka, da tsananin zafi ko tsananin sanyi kuma ya sirance.

Anan ne naga mai benensiya, wani ludayi ne mai mariƙi siriri kusan mita ɗaya da ɗan kofi dogo a ƙarshe. Zai soka shi ta bakin ganga da sauri ya huda yanar ba tare da ya dama ta ba, ya ɗebo daga tsakiya, ya ɗaga sama da kansa ya sheƙo cikin ƙaramin kofin gilashi a ɗaya hannun ko ɗigo bai zuba ba. Turawa nata tafi, ni kuwa mai shayin unguwarmu kawai na tuna.

Sai babbar matsalar, in ka bar fulor a ganga ɗaya zai cinye abincinsa ya mutu. Maganin wannan shine solera, kuma ita ce mutane suka fi rikicewa a kai. Ka ɗauka makaranta ce mai aji aji. Akwai rukunin gangunan da suka fi tsufa, su ne solera, daga kalmar daɓe saboda a al'ada su ne a ƙasa. Sai rukunin da ke bi musu, kiriyadera ta ɗaya, sai ta biyu, sai ta uku har zuwa ajin ƴan shekara ɗaya. In za'a sa a kwalba daga solera kawai ake ɗiba, kuma ba a kwashewa, a al'ada ba a wuce kashi ɗaya cikin uku na kowace ganga. Gurbin da aka bari a cike shi daga kiriyadera ta ɗaya, ita kuma a cike ta daga ta biyu, haka har sama inda sabuwar giya take shiga. Kuma ba ganga ɗaya ake juyewa a ganga ɗaya ba, abinda aka ɗebo daga rukuni duka haɗe shi ake yi sannan a rarraba, kuma a zuba ta ƙarƙashin yanar a hankali da wani bututu mai ƙananan huji don kar a yaga ta.

Kaga riba biyu kenan. Sabuwar tana kawowa fulor abinci, tsohuwar kuma tana koyawa sabuwar hali, kamar yadda mai nono take barin ɗan tsohon kindirmo a ƙwarya ta zuba sabuwar madara a kai. Shi yasa yawanci kwalbar Fino ba a rubuta mata shekarar girbi, babu shekara ɗaya a ciki, kuma ta bana da ta shekara goma baya kusan ɗanɗano ɗaya ne. Shekarun da ake faɗa lissafi ne kawai. Misali kana da aji biyar kowanne ganga ɗaya mai lita 500, jimla 2,500, kana fitar da lita 500 a shekara, to giyarka ƴar shekara biyar ce a matsakaici. Doka tace kada ta gaza shekara biyu, sanannun kuma suna kaiwa huɗu zuwa bakwai. Inda nake ɗan murmushi shine in naga kamfani yana tutiyar cewa solerarsa tun ƙarni na 19 take saboda haka akwai giyar wancan lokacin a kofinka. A lissafi haka ne, amma ka cire kashi ɗaya cikin uku sau goma kawai daga ganga, abinda ya rage na asali bai kai lita 9 cikin 500 ba, to ina ga ɗaruruwan ɗiba. Abinda ya gada da gaske shine zuriyar yis ɗin dake zaune a gangunan da kuma hannun masu aikin.

Mansaniya kuwa duk wannan aikin ne, inabi ɗaya hanya ɗaya, bambancin kawai a Sanlukar aka rene ta, kuma tun 1964 take da nata sunan a doka. Garin yana bakin ruwa, danshi yafi yawa zafi baya kai na Heres, saboda haka fulor baya sirancewa sosai duk shekara. Solerar can ma ta fi yawan aji, wasu goma ko fiye, ana ɗiba kaɗan kaɗan akai akai. Sakamakon shine giya mafi haske da sauƙi mai ƙamshin furen kamomil, wanda shi ma mansaniya suke ce masa. Ƴan garin zasu rantse maka cewa gishirin da ake ji a cikinta iskar teku ce ta shiga ganga. Ni inaga son gari ne ya ɗan yi yawa, tekun aikinsa shine ya ciyar da fulor da danshi, shi kuma ya kwashe duk abinda zai rufe ɗan gishirin da dama yake ciki. Amma kar ka faɗi haka a Sanlukar.

Sauran dangin a gurguje. In fulor ya mutu, ko don tsufa ko don an ƙara barasa da gangan, aka bar giyar ta cigaba da zama iska na taɓa ta, sai ta rine kamar goron nan ta zama Amontiyado. Mai da'irar nan da aka kai 17 tun farko bata taɓa ganin fulor ba, ita ce Oloroso, baƙi baƙi mai nauyi. Mai zaƙin kuma daga wani inabi ne daban, Pedro Ximénez, da ake shanyawa a rana akan tabarma har ya kusa zama zabibi, giyarsa kauri kamar zuma. Abinda yasa a waje ake ɗauka sheri abu ne mai zaƙi na tsofaffi kasuwar Ingila ce. Tun 1587 da Francis Drake, wani jagoran jiragen yaƙin Ingila, ya kai hari Kadis ya kwashe ganga kusan 2,900 Turawan Ingila suka kamu, daga baya suka shigo harkar da kansu, shi yasa zakaji sunayen kamfanoni irin Osborne da Sandeman da Byass, kuma gaurayen mai zaƙi aka fi tura musu. A shekarun 1970 aka cika kasuwa da mai araha, farashi da mutunci suka faɗi tare, gonakin da suka haura hekta 20,000 yanzu wajen 7,000 suka rage. Su ƴan gida dama busasshen suke sha.

To yanzu abinci, wanda shine ɓangaren da nake gani kullum da idona. Suna da wata magana da kowane mai kawo abinci ya haddace, in yana iyo Fino, in yana tashi Amontiyado, in yana gudu Oloroso. Wato kifi, tsuntsu, dabba mai ƙafa huɗu. Amma in ka duba dalilin sai kaga duk abinda fulor yaci ne yake dawowa akan faranti. Abincin bakin tekun Kadis mai ne da gishiri. Akwai soyayyen ƙananan kifi da ake birkiɗawa a gari kawai a jefa a man zaitun mai zafi a miƙo maka a takarda. Akwai tortiyita, ana dama fulawa da garin wani wake da albasa da ganye da ƙananan jatan lande ɗanye da ƙafafunsu da komai, a zuba siriri a mai ya bazu yayi huji huji kamar leshi, ƙosai ne da aka hana shi kumbura. Mutum in yaci irin wannan uku huɗu bakinsa ya naɗe da maiƙo. Abin sha mai zaƙi ko santsi ƙara naɗewa zaiyi, shi kuwa Fino ba sukari ba gilisarin ga ƙarfin kashi 15 ga sanyi, sai ya wanke harshen ya maida shi sabo. Aikin da ɗanyar albasa da tumatir suke yi a gefen tsire kenan, ko lemun tsami akan soyayyen kifi.

Sai kuma gishiri da romo. Zaitun, soyayyen almon mai gishiri, tsohon cuku, dafaffen jatan landen Sanlukar da ake ci da hannu a Bajo de Guía ana kallon kogi, da mohama wadda ni nake ce mata kilishin tuna, tsokar kifin ce ake binnewa a gishiri a wanke a shanya a iska har tayi tauri a yanka ta siriri a ɗiga man zaitun. Duk waɗannan suna da wannan ɗanɗanon mai zurfi da muke nema a daddawa, kuma mataccen yis ɗin ƙasan ganga ya bawa giyar irinsa, sai su haɗu ba wanda ya danne wani. Naman aladensu da suke busarwa shekaru shi ne suka fi yabo da Fino, wannan kam sai dai su. Akwai kuma abincin da sauran giya basa shiri dasu, duk abinda aka jiƙa a khal, ko miyar tumatir mai sanyi da suke kira gaspacho, ko wani kayan lambu da ake kira atishok. Giya mai tsami in ta haɗu da khal faɗa suke yi, jar giya kuma in ta haɗu da kifi baki yana ɗaukar ƙarnin ƙarfe. Palomino dama bai da tsami sosai kuma ba a jiƙa shi da ɓawonsa ba, to ba abin faɗa. Shi yasa ma masu sushi, abincin Japan na shinkafa da ɗanyen kifi, suka karɓe shi. Inda baya tasiri shine yaji, barasa mai ƙarfi ƙara rura barkono take yi, amma su abincinsu ba yaji, ni da kwalbar yajina nake yawo.

Kuma duk shekarun nan da yayi a ganga, daga ranar da aka raba shi da yanarsa aka sa a kwalba ya zama maraya. Dole a ajiye a firij a kawo shi da sanyi wajen digiri 6 zuwa 8, in an buɗe kuma cikin ƴan kwanaki a gama dashi, shi yasa suka fi son rabin kwalba. Mai gidanmu in yaga buɗaɗɗiyar kwalba ta wuce sati sai ya turo ta kicin. Akwai ma wanda suke kira en rama da ba a tace shi sosai ba, ana fitar dashi da bazara lokacin da fulor yake kan ganiyarsa. A bikin birnin Sebiya na Afrilu da na dawakai a Heres a watan Mayu kuma gauraya shi suke da lemon kwalba da ƙanƙara da na'ana'a su kira shi rebuhito, ka kula da wannan in an miƙo maka jug a rumfa, kamarsa ɗaya da lemo.

Khal ɗin da ya jawo min faɗa shi ma ɗan gidan ne. A da in ganga ta kuɓuce ƙwayoyin tsami suka kama ta abin kunya ne ga kafatas, sai a janye ta can wani ɗaki nesa kar ta shafawa sauran, a riƙa ɗiba ana kaiwa gida ana bawa ƴan uwa. Yanzu ya zama sana'a mai zaman kanta da dokarta, shi ma solera ake masa, mafi ƙaranci wata shida a ganga, Reserva shekara biyu, Gran Reserva shekara goma, tsaminsa kuma daga kashi 7 yake farawa, shi yasa cokali ɗaya yake aikin biyu. Malamai sun haɗu akan cewa giyar da ta juye khal da kanta ta tsarkaka, inda suka saɓa shine in mutum ne yasa hannu ya juya ta, kowa sai ya bi abinda malaminsa ya bashi.

Wanda ba saɓani a kansa shine abinda aka dafa da ita giyar. Masu kawo abinci zasu ce maka ai wuta ta ƙone barasar, to bata ƙonewa duka musamman a girkin minti biyar irin na kasko. In kaga an rubuta al jerez a bayan sunan abinci, kamar ƙodar nan, giya ce aka zuba. Farfesun jelar sa da ake ji dashi a yankin da Oloroso ko jar giya ake dafa shi, ƙananan kifin kwanso da suke yiwa girkin da ake kira a la marinera yawanci da Fino ne, har romon kaza wani gidan sai sun ɗiga masa kafin ya bar kicin. Ni in na fita ci a waje soyayyen kifi nake nema da tortiyita da tumatir da aka yanka aka barbaɗa gishiri, in kuma naga miya a faranti sai na tambaya yeba bino, wato akwai giya a ciki, kuma ina jira sai yaje kicin ya tambayo.